Waken Zinariya Yana Jiran Shaida

Ɗana na fari ya rasu a lokacin sanyin bara, bai kai shekara talatin ba. Tun da aka haife shi har aka binne shi ban taɓa kiran sunansa ba. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta nuna ɗokinsa. Alkunya ce, da ita na tashi, kuma ban taɓa jin tana da nauyi ba. Saboda haka kusan duk inda sunansa ya fito a nan, daga bakin wasu ya fito. Mutanen Kankia sun san shi da Badaru mai gyaran waya.

Na haife shi ina tsakiyar karatun ilimin halittu a jami'a a Zariya. Da aka yaye shi sai aka kai shi Dudunni wurin mahaifiyata, Inna Zinariya, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Can ya tashi cikin ƙannena. Su suna ce mini Adda, shi ma sai ya ɗauka, har ya koma ga Allah Adda yake ce mini.

Yana ƙarami aka gane yana da sikila. Ni da mahaifinsa, Malam Ummaru, kowannenmu yana ɗauke da rabin abin a jininsa, kuma a zamanin da muka yi aure ba a gwaji. Na yi shekaru ina koyar da gadon halitta a makarantar sakandaren 'yan mata, kowace shekara ina zana wa ɗalibai gidaje huɗu a kan allo, ina nuna musu gida ɗayan da ciwon yake faɗawa. Ban taɓa gaya musu na san wanda ke zaune a wannan gidan ba.

Ciwon ya hana shi gona. Idan ƙannena suka ɗauki fartanya suka fita, shi yana gindin Inna a tsakar gida. Inna kuwa mai ajiyar iri ce. Bayan kaka takan zaɓi zangarniyar gero mafi cika, da dawa, da wake, ta shanya, ta gauraya waken da toka ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Idan damina ta ƙarato mata sukan zo da 'yar ƙwarya neman iri. A tsakaninsu ba a sayar da iri, bayarwa ake yi, amma mai bayarwa sai ta faɗi inda ta samo shi. Inna za ta ce, "Wanga na Hajjo ta garin Boko ne, ita kuma wurin uwar mijinta ta samu." Mai karɓa ta maimaita, sannan ta rufe ƙwaryarta.

Akwai wake ɗaya da ba a ambaton kowa kafin Inna. Da shi ta zo daga Yashe cikin kayan aurenta, kuma wadda ta ba ta ta daɗe da rasuwa, babu mai sauransa a can. Ƙanana ne, ruwan ƙasa, da baƙin ido. Yana jinkirin nuna, amma yana yin harawa da yawa, ƙwaro kuma ba ya saurin shigarsa. Waken Zinariya ake ce masa. Yaron ya girma yana tsince masa tsakuwa a faifai.

Wasan kaka da jika ya yi ƙarfi tsakaninsu. Ita tana ce masa maigida, shi yana ce mata amarya.

"Maigidan da ba shi iya ɗaukar dami ɗaya," in ji ta, "mi za ni yi da kai?"

"Amaryar da ba ta da haƙorin tauna ƙosai, wa zai ɗauke ki in na sake ki?"

Da ya isa shiga sakandare ya dawo wurinmu a Kankia. Zamanmu na mutane biyu ne masu jin nauyin juna. In ina nemansa, sai in ce wa ƙanwarsa Ulfa, "Kira mini yayanki." In mu biyu ne a ɗaki, sai in ce, "Kai." Ya san abin da nake kaucewa, wani lokaci yakan yi kamar bai ji ba, ya waiwaya hagu da dama ya ce, "Wane kai ɗin, Adda? Kawuna suna da yawa a gidan nan." In ɗaure fuska, ya yi dariya ya taso.

Karatunsa ya yi ta yankewa. Ya fara karatun kwamfuta a Katsina, ciwo ya dawo da shi gida kafin ya gama. Sai ya buɗe shagon gyaran waya a bakin babban titi, kusa da tasha, shi da abokinsa Zulkifli. Yana da hannu mai natsuwa. Ya iya zama tun safe a kan waya ɗaya da ta faɗa rijiya, yana goge cikinta da ƙaramin buroshi, mai wayar yana tsaye a kansa yana ba shi labarin yadda ta faɗa. Sauran abin da ya sani na rubuta manhaja, a gadon asibiti ya koya, waya a hannun da ba a sa wa ruwa ba.

Akwai shekarar da samarin garin nan suka dinga dangwala fuskar waya daga safe har yamma, wai suna haƙar kuɗin intanet. Wayoyin da yatsa ya kashe wa fuska duk shagonsa aka kawo su. Shi bai yi dangwalar ba. Abin da ke ƙarƙashinta ne ya ja hankalinsa, abin da ake kira bulokcen.

Wata ranar Asabar da la'asar ina tsakar gida ina duba takardun jarrabawa, ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna nesa kaɗan, kamar yadda ya saba.

"Adda, ina neman Hausar wasu kalmomi. Ke malama ce, in na yi shirme ki tsayar da ni."

"Ina ji."

"A ce yau mutane da yawa sun yi mu'amala. Wannan ya ba wannan abu, wancan ya karɓi wani abu. Sai a tattara labarin duka a ɗaure wuri ɗaya. Ni dami nake so in ce masa, kamar damin gero."

"To."

"Kowane dami ana buga masa tambari. Ba wani ne ke zana tambarin ba, daga abin da ke cikin damin ake lissafa shi. In kika zare zangarniya ɗaya, ko kika canja harafi ɗaya, tambarin ya canja gaba ɗaya. Sannan dami na gaba yana ɗauke da tambarin na bayansa a cikinsa. Na gaba da shi ma haka. Shi ya sa ake ce mata sarƙa. In kika taɓa na tsakiya, duk waɗanda suka biyo baya sun ƙi dacewa."

Na ajiye jan biro na ce, "Mai rumbun fa? Ya kwance su duka ya sake ɗaurewa, wa zai sani?"

Ya ji daɗin tambayar har ya matso da kujerarsa.

"Babu mai rumbu. Rumbunan suna da yawa, a garuruwa daban-daban, kowanne kwamfuta ce da ke riƙe da sarƙar tun daga farko. Su nake so in kira mashaida. Kafin a ƙara sabon dami sai sun duba sun yarda. In ɗaya ya zo da nasa daban, sauran su ƙi shi."

"Kamar matan Dudunni ke nan. Wata ta ce irinta daga Boko ya zo, alhali kowa ya san na Yashe ne."

"Ai daga can na ɗauko," in ji shi.

A ranar ya gaya mini abin da yake ginawa. Tsofaffin da suka san tarihin iri suna ta tafiya. Sababbin iri masu saurin nuna sun shigo, bai ƙi su ba, ya ce suna cika rumbu. Amma wata shekara mata sun nemi wata irin maiwa da aka saba shukawa a jigawar Dudunni, aka rasa wanda ya san gidan da ta rage. Yana so a riƙa rubuta wa ya ba wa, wane iri, daga ina, a wurin da mutum ɗaya ba zai iya gogewa ba kuma mutuwar mutum ɗaya ba za ta tafi da shi ba.

Sauran kalmomin a hankali na koye su, yana kawo mini ɗaya bayan ɗaya. Akwai ƙa'idar da ake rubutawa a ajiye a kan sarƙar, ta riƙa aiki da kanta idan sharaɗinta ya cika. Wannan ya kira ta alkawari mai cika kansa. Nasa alkawarin gajere ne: ba a rubuta cewa iri ya wuce daga hannu zuwa hannu sai mai bayarwa ya sa hannu, mai karɓa ma ya sa. Kuma wanda bai amsa karɓarsa ba, ba zai iya rubuta cewa ya ba wani ba.

"Ba ya jin magiya, Adda. Ko ni da na rubuta shi, tunda na ɗora shi ba zan iya lallashinsa ba."

Sa hannun da mabuɗi ake yi, wani dogon sirri da ke cikin wayar mutum. Wanda ya rasa nasa, babu ofishin da zai je a yanka masa wani. Manhajar da mutane ke gani a fuskar waya kuwa ya ce mata manhaja marar gida, don ba a kwamfutar shagonsa take dogara ba. "In gobara ta cinye shagon gobe, Allah ya kiyaye, abin da aka rubuta yana nan." Sai dai babbar sarƙa ana biyan kuɗi kafin a rubuta komai a kanta, don haka ya ɗora aikinsa a kan wata sarƙar da masu koyo ke amfani da ita kyauta. Ya ce mata gonar gwaji. Wannan ban buƙaci bayani ba, na yi gonar gwaji a jami'a, na san ba a barinta har abada.

Yawancin matan ba sa karatun boko, saboda haka ya sa mai karɓa ta danna wuri ɗaya ta yi magana, ta faɗi sunanta da sunan wanda ya ba ta, yadda aka saba yi a kan ƙwarya. Murya tana da nauyi, ba a ɗora ta a kan sarƙa. Ana ajiye ta a wayoyi da yawa, tambarinta kawai ake ɗaurewa a dami, don kada wani ya musanya ta daga baya.

Ranakun da jikinsa ya yi daɗi, Zulkifli yakan goya shi a babur su tafi Dudunni da Boko da Yashe. A gidan da babu babbar waya sai a nemi ta 'ya ko ta jika. Mata suka fara da dariya, suka koma gardama. Wata tsohuwa a Boko ya yi kuskure ya rubuta mata jan wake maimakon fari. Ta ce ya goge. Ya ce ba ya gogewa, sai dai ya ƙara wani rubutu a gaba ya ce na baya kuskure ne. Ta ce to ya rubuta har da sunan wanda ya yi kuskuren, kada jikokinta su ce ita ce ba ta san wakenta ba. Ya rubuta. Yana nan har yau.

Inna ce ta fi ba shi wahala. Ya roƙe ta waken Zinariya don ya zama shi ne na farko da ya karɓa a rubuce, ta ce ba ta ba malalaci iri. Sai da ya yi alkawarin zai nemo wanda zai shuka. Muryar da ya ɗauka a ranar tana cikin wayata. Yana cewa, "Ni Badaru, na karɓi wannan wake daga hannun amaryata Zinariya ta Dudunni, bayan ta ja mini rai kamar ranar neman aurenta." Daga bayansa ana jin Inna tana cewa, "Ja'iri, hwaɗi gaskiya, kuka ka yi," sai dariyar mata, sai kukan akuya.

Wanda zai shuka ɗin ni ce. Ina da ɗan fili a bayan ɗaki inda nake da zogale da yakuwa. Bayan kakar da ta gabaci rasuwarsa ya shigo da yamma da wata ƙaramar kwalba cike da wake da toka, ya ajiye a gefen tabarmata. Ya karɓi wayata ya sa mini manhajar, ya yi mini mabuɗi, ya danna nasa ɓangaren a wayarsa.

"Saura ke, Adda."

"Me zan yi?"

"Ki danna nan, ki faɗi daga wa kika karɓa."

Na dube shi. Yana ta kallon zogale kamar bai taɓa ganin itace ba.

"Sai in ce daga ɗan Inna."

"Inna tana da 'ya'ya da yawa."

"Daga yayan Ulfa."

"Wanda zai saurara nan da shekaru bai san Ulfa ba."

"Kai da bakinka ka ce tambarin murya kawai sarƙar take ɗauka. Ba ta san abin da na faɗa ba. Ko tari na yi za ta karɓa."

Ya yi dariya har ya dafe ƙirji. "Wallahi Adda da kin yi kwamfuta da kin kore mu a kasuwa. Gaskiya ne, ita ba ta sani ba. Amma ni zan saurara."

"To sai ka jira."

"Ina jira. Ai ba a shuka wake yanzu."

Sanyi ya shigo da ƙarfi a shekarar. Ciwon ya tashi a ƙafafu kamar kullum, muka ɗauka irin wanda muka saba ne, sai ya hau ƙirji. Aka kwantar da shi a Katsina. Likitoci sun yi abin da za su iya. Ya rasu da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa, mahaifinsa yana karanta masa kalmar shahada. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bayan an watse daga zaman makoki na ɗauki wayata don amsa gaisuwar mutane, sai na ga manhajar. Na buɗe. A sama akwai layi ɗaya: Badaru ya ba ki waken Zinariya, yana jiran amsarki.

Na san yadda aka yi layin. Na san rubutu ne da ya tsara tun da daɗewa, wanda ke fita ga duk wanda aka ba iri, a sauya suna kawai. Na san babu wanda ke jira a cikin waya. Duk da haka kullum bayan sallar asuba, idan gari ya waye na gama lazimi, sai in buɗe in karanta. Tufafinsa an rabar. Kayan aikinsa suna wurin Zulkifli. Duk abin da ya bari ya zama abin da ya wuce, ana cewa ya yi, ya ce, ya kasance. Wannan layin kaɗai ne ke cewa yana. Na fahimci cewa ranar da na amsa, layin zai tafi. Sai na bar shi. Kwalbar kuma na sa ta a saman kabad.

Da bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, Zulkifli ya yi sallama. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗaki ya gaishe ni, ya daɗe yana juya makullin babur a hannunsa.

"Mama, magana ce a kan aikin Badaru."

"Ina jinka."

"Masu kula da gonar gwajin sun ba da sanarwa za su rufe ta. Sun daɗe da faɗa, yanzu lokacin ya zo. Mashaidan za su daina riƙe ta ɗaya bayan ɗaya. Kafin tsakiyar damina ba za a iya rubuta komai a kanta ba."

"Ya ce abin da aka rubuta ba ya gogewa."

"Matuƙar akwai masu riƙe da shi, Mama. Ya san da haka. Mun yi niyyar mu kwashe tun yana nan."

Ya ce ya samu wata sarƙar da zai mayar da aikin, shi da wasu abokansu biyu, kuma zai ajiye kwafin tsohuwar gaba ɗaya a kwamfutar shago. Duk abin da mutum biyu suka sa wa hannu zai kwashe shi yadda yake, da muryoyin da tambarinsu.

"Wanda mutum ɗaya ya sa wa hannu fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Guda ɗaya ne ya rage a haka, Mama."

"Ba za ka iya kwashe shi yana jiran ba?"

"Zan iya rubuta layin a sabon wurin. Amma da mabuɗina zai fita. Nasa ya tafi da shi, bai ba kowa ba, ni ma bai ba ni ba. Zai zama ni ne nake cewa Badaru yana jira." Ya ƙara da cewa, "In ba a amsa ba, waken zai tsaya a kansa. Za a ga ya karɓa daga Inna, ba za a ga ya ba kowa ba. In kika ba wata nan gaba, babu inda za a ɗaura ta."

Na dubi kwalbar da ke saman kabad. Ya ɗago ya ce a hankali, "Ba sai kin faɗi komai ba fa. Ko shiru kika ɗauka zai karɓa."

"Na sani. Ni na fara gaya masa haka."

Bayan ya tafi na sauko da kwalbar na zuba waken a tafin hannuna. Na busa tokar. Babu ko ɗaya da ƙwaro ya huda. Na san iri ba ya zama a kwalba har abada, kowace shekara ƙarfin tsirarsa raguwa yake. Wannan ma ina koyar da shi.

Da aka yi ruwan shuka, gero ya fito ya kai tsawon taƙi, na shiga mota zuwa Kusada, daga can na hau babur zuwa Dudunni. Na sami Inna a tsakar gida a kan tabarma, faifai a cinyarta. Ta tsufa da yawa a cikin watannin nan. Idonta ya rage, da yatsa take tsince tsakuwa. Ni ce 'yarta ta fari, ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

Muka gaisa, ta tambayi Malam da yara. Na ba ta labarin duka, da rufe gonar gwajin, da layin da nake karantawa kullum. Ban san nawa ta fahimta daga zancen sarƙa ba. Ta miƙo hannu na sa mata kwalbar, ta girgiza ta kusa da kunnenta.

"Ba ki shuka ba."

"Ban shuka ba."

"Ni ya yi ma alkawari za a shuka. Na ce mashi malalaci ne, ya ce ya samu mai hannu." Ta ajiye kwalbar a kan faifai. "Sa mani muryar ja'irin nan in ji."

Na kunna. Ya ce ya karɓa daga hannun amaryarsa, ita ta ce kuka ya yi, mata suka yi dariya, akuya ta yi kuka. Inna ta saurara bakinta yana motsi. Da ya ƙare ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Kuka ya yi kuwa. Na ga hawaye."

Na ajiye wayar a cinyata. Can ta ce, "In kin amsa, ina muryar taki za ta zauna?"

"A ƙarƙashin tasa."

"Kusa da kusa?"

"Babu komai a tsakani."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa ƙasa, ta dafa kafaɗata, ta miƙe da ƙyar. Na yunƙura zan taimaka mata ta ture hannuna.

"Zauna. Za ni bayan gida in duba awakin nan, tun safe ba a ba su ruwa ba. Zan daɗe."

Na ga ƙwaryar ruwan awakin a cike lokacin da nake shigowa. Ta ɗauki sandarta ta tafi a hankali, ta kewaya bayan rumbu, na ji tana yi wa awakin faɗa da ƙarfi fiye da yadda ya kamata.

Na buɗe wayar na karanta layin sau ɗaya. A nan tsakar gidan ya koyi zama, a nan ya koyi tsince tsakuwa. Na danna inda ya nuna mini. Muryata ta fito ƙasa-ƙasa, amma ta fito.

"Ni Halimatu, na karɓi waken Zinariya daga hannun ɗana Badaru."

Na saki. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar wayar, saboda sabis ɗin Dudunni ba shi da ƙarfi, kuma sai mashaidan sun duba sun yarda. Na riƙe wayar da hannu biyu ina kallo. Sai layin ya tafi. A wurinsa aka rubuta: An shaida.

Inna ta dawo ba ta tambaye ni komai ba. Ta ce in tsaya in ci tuwo, na ce zan kama motar yamma.

Washegari da safe na shuka waken a bayan ɗaki, tsakanin zogale da katanga. Zulkifli ya kwashe aikin kafin a rufe gonar gwajin, ya zo ya nuna mini a sabon wurin: Inna, sai shi, sai ni. Har yanzu bayan lazimi hannuna yakan kai ga wayar. Babu abin da ke jirana a ciki. Wani lokaci ina kunna muryoyin biyu a jere, tasa da dariyar mata a bayanta, sai tawa. Ban cika son jin tawa ba, amma ba a tsallake ta in ana so a bi sarƙar.

Waken ya yi jinkiri kamar yadda aka san shi. Sai da na maƙwabta ya bushe sannan nawa ya fara fure. Wata malama da muke koyarwa tare, 'yar Yashe, ta leƙo ta katanga ta ce kakarta tana ba da labarin wani wake mai baƙin ido da ya ɓace musu. Na ce ta zo bayan kaka da 'yar ƙwarya da wayarta, zan gaya mata daga wa na karɓa.